Garin da tsofaffi kaɗai ke zama

A jihar Arizona ta Amurka akwai wani gari, Sun City, da aka buɗe a 1960 don waɗanda suka yi ritaya. Dokarsu, kowane gida sai da mai shekara 55 zuwa sama. Ga kulob-kulob, ga wurin ninƙaya. Ƙananan jikoki kuwa sai dai ziyara.

Mu nan Kebbe da Tambuwal ba mu ware tsoho. Bayan la'asar yana majalisa a ƙofar gida, shi ke sasanta rikicin iyakar gona, shi ne waliyyi wajen ɗaurin aure. Amma fa da an gama girbi samari sun tafi cin rani. Kuɗi na shigowa ta waya, eh, to in ciwo ya tashi cikin dare, wa zai kai Baba asibiti?