Kafin Saƙo Ya Isa Ƙofar Gida

Duk ɗan Arewa da ke neman abinci a Sabon Ibadan, ko Agege, ko Shagamu, ko Fatakwal, ya san sanyin da zuciya kan ji ranar da mutum ya aika da saƙo gida. A da, sai ya bi tasha ya damƙa wa direban motar goro ko ta shanu, ya haɗa da 'yar wasiƙa. Yau kuwa yana zaune a rumfarsa zai tura kuɗi ta waya, ya yi hamdala, ya ce ya sauke nauyi.

To, amma fa saƙon nan bai isa gida ba tukuna. Ya isa gari ne, watau bakin kwalta. Tsakanin kwalta da ƙofar gidan manomi akwai sauran mil biyar ko goma na turba da burtali, kuma sai wani daga cikin gidan ya ajiye fartanya ya taka su da kansa. Kuɗin da ya ratsa kimanin kilomita 1,000 daga Ikko zuwa Kano cikin ƙiftawar ido, ya kan ci wa iyali yini guda cur kafin ya shiga hannun tsohuwar da aka aiko wa.

DAREN ASABAR

A ɗauki misalin gidan manomi a ƙauyukan ƙasar Ɗambatta, arewa da Kano a kan hanyar Daura. Kasuwar Ɗambatta ran Lahadi take ci, kamar yadda ta Wudil ke ci ran Jumma'a, ta Maigatari ran Alhamis. Saboda haka a irin wannan gida ba a yin aike yadda aka ga dama. Tara shi ake yi duk mako, sai daren Asabar bayan sallar lisha a zazzage shi gaban wanda zai tafi.

Uwargida na son gishiri da kanwa da manja da ashana, ga kuma kwanon man gyaɗa da ƙuliƙulin da ta yi za a sayar mata. Amarya na son sabulu da zare. Akwai dawar da za a kai inji, gama ba kowane ƙauye ke da injin niƙa ba. Bakin garma ya cinye, sai an kai wa maƙeri. Tunkiya na zawo, ana bukatar magani. Wayoyin gidan duk sun mutu, za a kai su caji. A kan hanya kuma akwai gidan da aka yi rasuwa, ba shi yiwuwa a wuce ba a tsaya an yi gaisuwa ba, tun da yake zumunci a ƙafa yake. A ƙarshe maigida ya ce wa yaron ya biya wurin mai cire kuɗi ya karɓo abin da yayansa ya aiko daga Kudu.

Mafi yawan lokaci ba a rubuta ko ɗaya. Da ka yaron zai riƙe su, kuɗin kowa a ƙulle daban, kuma in ya komo zai ba kowa lissafinsa har kwabo. A nan ɗan ƙauye ke fara koyon ciniki da riƙon amana. Da yawa daga cikin manyan 'yan kasuwar da ke Mile 12 da Bodija a yau, makarantarsu ta fari ke nan.

Aiken kuma hawa-hawa ne. Ƙananan yara su ke kai abinci gona da rana, su ɗebo ruwa, su kai saƙo unguwa zuwa unguwa. Samari ke zuwa niƙa da kasuwa. Tsofaffin mata ke zuwa barka da kiran unguwarzoma. Amma sayen taki, da sayar da dabba, da maganar bashi ko ta gaban dagaci, wannan sai maigida da kansa, gama zuwa da kai ya fi aike.

JAKI, KEKE, BABUR

Shekaru aru-aru jaki ne motar manomi. A aza masa mangala ya kai taki gona, ya kai hatsi kasuwa, ba ya neman mai sai ƙaiƙayi da ruwa. Daga baya keke ya shigo, har ya zama wanda ya sayar da gyaɗa ya sayi sabon Raleigh ya zama abin kallo a gari. Cikin shekarun 1970 babura irin su Honda da Suzuki suka fara kutsawa ƙauyuka, sa'an nan daga bisani masu araha na Sin da Indiya suka cika ko'ina. Ga kuma amalanken shanu domin kaya masu nauyi, da a-kori-kura wadda a wasu ƙauyuka ba a ganinta sai ranar kasuwa.

Kowannensu da tasa matsalar. Jaki ya yi tsada, domin cinikin fatarsa zuwa ƙasar Sin ya rage yawansa, har Tarayyar Afirka ta yanke shawarar hana yanka shi don fata a watan Fabrairu na 2024. Babur kuwa mai yake sha. Da aka janye tallafin mai ran 29 ga Mayu, 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 a Kano cikin 'yan kwanaki, kuɗin achaba ya bi ta. Sai ga mutane sun kakkaɓe tsofaffin kekunansu, waɗansu kuma suka koma tafiyar ƙasa.

DA RUWA YA SAUKA

Da rani abokin gaban matafiyi rairayi ne, wanda kan riƙe ƙafar keke har mutum ya sauka ya tura. Wannan mai sauƙi ne, don a lokacin babu aikin da ke jira. Wahalar gaske da damina take. A daidai lokacin da hanya ta fi lalacewa, a nan ne kuma gona ta fi bukatar kowane hannu. Gidan da ke da majiya ƙarfi uku, in ɗaya ya tafi aike ranar noman fari, sulusin aikin ranar ya tafi ke nan, ciyawa kuwa ba ta jiran kowa. Haka nan taki yana da lokacinsa. Ana zuba shi bayan an yi noma, ƙasa na da laima. In ya makara da mako ɗaya ko biyu, rumbu ne zai faɗi gaskiya da kaka.

Cikin watan Agusta, rafin da ake tsallakewa da ƙafa da safe ya kan kawo kafin la'asar. Sai ka tarar da jama'a zaune a gaɓa, kowa da kayansa, ana jiran ruwa ya janye, ana kuma kallon wanda zai fara shiga, tun da daga na gaba ake ganin zurfin ruwa. Samari kan ɗaga babur a kafaɗa su ƙetarar da shi a biya su. Garin da aka niƙo kan jiƙe, buhun taki kan narke.

Duk wannan asarar dukiya ce. Akwai aiken da rai ne a cikinsa. Mace na naƙuda ta gagara cikin dare, ko yaro na suma da zazzaɓi, ko maciji ya sari mutum a gona. A nan za a shimfiɗa tabarma a amalanke, ko a sa majinyaci a tsakiyar mutum biyu a kan babur, a nufi asibitin gari, hanya ce kuma za ta yanke hukuncin ko a isa da wuri ko a makara. Inda ruwa ya raba ƙauye da gari kuwa sai kwalekwale. Jama'ar Kano ba su manta da jirgin da ya kife a ruwan Bagwai a ƙarshen Nuwamba na 2021 ba, inda aka yi asarar rayuka da yawa, galibinsu yara 'yan makarantar Islamiyya.

ALKAWARIN HANYA

Ba a ce gwamnatoci ba su taɓa kula ba. Shirin bunƙasa aikin gona na Funtuwa, wanda aka fara a 1975 da taimakon Bankin Duniya, ya yi hanyoyin burji ya kuma kafa wuraren sayar da taki kusa da manoma. A 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa hukumar DFRRI musamman domin hanyoyi da ruwa da lantarkin karkara. Sai dai hanyar burji ba a yinta sau ɗaya a huta. Tana son a bi ta da gireda, a yashe kwalbatoci kafin kowace damina. Inda aka bar wannan, damina kaɗan ta isa ta mai da ita kwazazzabo. Kula da irin waɗannan hanyoyi nauyin ƙananan hukumomi ne, amma a wurare da yawa aikin gayyar samarin gari ne ke cike ramuka.

A wasu sassan kuma tsoro ya ƙaru a kan wahala. A watan Satumba na 2021, saboda 'yan bindiga, an rufe kasuwannin mako da dama a jihohin Zamfara da Katsina, aka katse layukan waya, aka taƙaita hawan babur. Kowa ya ga yadda rayuwar ƙauye ke tsayawa cik in aike ya tsaya.

GA MASU AIKOWA

Mazaunin Kudu ba shi da ikon gyara hanyar garinsu shi kaɗai, amma yana iya rage wa iyalinsa sawu. Ya aika kwana ɗaya ko biyu kafin ranar kasuwa, ya kuma sanar tun da dare, don tafiya ɗaya ta wadatar. Ya tabbata kuɗin sun shiga kafin a tashi yaro. A farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun naira, mutane da yawa sun yi sammako zuwa gari sun komo hannu rabbana. Kuɗin taki ya aika da su tun watan Afrilu ko Mayu, kafin rafi ya kawo. Ya ɗora kuɗin mota da ladan mai cire kuɗi a kai, kada a gutsure su daga na cefane. Ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya da ke taruwa a zango-zango kuwa, in sun haɗa ƙarfi, kwalbati ɗaya a mashigin da ya fi cutar jama'a ba zai gagare su ba.

Ran Lahadi da almuru yaron nan zai shigo gida, ƙafa duk laka, ya sauke gari da gishiri, ya miƙa wa mahaifinsa bakin garma da saƙon yayansa, a sa wa na Kudu albarka. Shi ma ɗan aiken ya cancanci tasa. Gobe da asuba fartanyarsa na jiransa, ga kuma aikin jiya da ya bari a gona. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kai kowane matafiyi gida lafiya, amin.