Tiyon birki da wasiƙar da ba ta isowa Maiduguri

A Amurka, idan aka gano tiyon birkin wasu manyan motoci na tsagewa, dole kamfanin ya sanar da masu motocin ta wasiƙa, ya canza musu kyauta, hukumar NHTSA na sa ido. Birkin tirela da iska yake aiki. Tiyo ya fara yoyo, birki ya yi sanyi, ko tayoyi su ƙame a tsakiyar titi.

Sai dai da yawa daga Mack da DAF masu bin hanyar Damaturu ko Gamboru na hannu ne, wasiƙar kuwa can ƙasar waje ake kai ta. Bakaniken Maiduguri kunnensa ne madogara wajen gano yoyon iska. Mai motar Amurka ya shigar da lambar shasinta a shafin NHTSA, zai iya ganin ko tana cikin waɗanda aka kira domin gyara.