Ƙusar Cikin Ɓargo a Buɗaɗɗiyar Karayar Ƙwauri: Daga Yauri zuwa Ɗakin Tiyata

1. Gabatarwa

Buɗaɗɗiyar karaya ita ce wadda ƙashi ya karye, fata kuma ta yage, har ƙasa da ƙwayoyin cuta suka samu hanyar kaiwa ga ƙashin. Ƙwauri ya fi fuskantar haka, domin ta gaba fata ce kaɗai ke rufe shi. Za mu ɗauki misalin wanda ya faɗo daga kabu-kabu a Yauri, wanda sai ya bi ta Matamaye kafin ya isa babban asibitin Damagaram. Ra'ayinmu shi ne, nasarar ƙusa tana farawa tun a kan wannan hanya.

2. Yadda ake aikin

Likitan Jamus Gerhard Küntscher ne ya fara sa irin wannan ƙusa a Kiel a 1939. Da Faransanci ana kiran aikin « enclouage centromédullaire ». Ana huda kan ƙwauri ta ƙasan gwiwa, a zura doguwar sandar ƙarfe cikin ramin ɓargo har ta haɗa ɓangarorin biyu, sannan a kulle ta da kusoshi sama da ƙasa don kada ƙashin ya juya ko ya gajarce. Amfaninta biyu ne: majinyaci yana taka ƙafa da wuri, rauni kuma yana nan a fili don wanki. Tun 1999 ƙungiyar SIGN ta Lewis Zirkle take samar da ƙusar da ake kullewa ba tare da na'urar hoton ƙashi a ɗakin tiyata ba.

3. Wace karaya ce ta dace?

A 1976 Gustilo da Anderson suka kasa waɗannan karayoyi gida 3. A 1984 aka sake kasa na ukun zuwa IIIA, IIIB da IIIC. Ƙusa ta fi dacewa daga I zuwa IIIA, inda nama ya isa ya rufe ƙashi. In bai isa ba, ko jijiyar jini ta tsinke, akan fara da ƙarfen waje. Gwajin da aka yi a Darussalam ta Tanzaniya, aka buga a 2020, bai ga wani bambanci mai yawa tsakanin hanyoyin biyu wajen komawa tiyata ba, sai dai ƙusa ta fi miƙe ƙafa.

4. Kafin tiyata

Ƙusa ba ta maganin ruɓa. In aka sa ta a rauni mai datti, tana iya yaɗa cutar cikin ɓargo duka. Patzakis da Wilkins sun nuna a 1989 cewa ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta kafin awa 3 yana rage ruɓa. Wannan allura, da ta tetanos, da rufe rauni, da ɗaure ƙafa da katako, duk ba sa bukatar likitan tiyata. Wanki ma ba ya bukatar kuɗi da yawa: binciken FLOW na 2015 ya nuna ruwan gishiri na asibiti ya fi na sabulu.

Saura batun maɗora. Jama'a sun yarda da su, amma ɗaurin kara mai ƙarfi a kan rauni yana toshe jini, ya ɓoye mugunya, har a kai ga yanke ƙafa.

5. Kammalawa

Don haka muna ganin horar da ma'aikatan gidajen likita na karkara, da shawo kan maɗora su tura duk karayar da ta zo da rauni asibiti, su ne matakin farko na wannan tiyata.