Zafin Bazara da Kajin Uwargida

Yau a filin namu za mu leƙa bayan ɗaki ne, wajen akurki, mu duba halin da kajinmu suke shiga idan bazara ta kama.

Abin da ya jawo wannan magana shi ne wasiƙar wata 'yar'uwa da ta aiko mana. Ta ce tana da kajin gidan gona masu ƙwai guda 20, da kuɗin ƙwan take zubin adashi, take kuma saya wa yara littafi da sabulu. Lokacin sanyi takan kwashi ƙwai 15 ko 16 a rana, amma da zafi ya shigo sai abin ya koma 7 ko 8. Wanda aka samu ɗin ma ƙanana ne, ɓawonsu ba ƙwari, wani tun a akurki yake fashewa. Har kaji biyu ta tsinta a mace da la'asar, alhali da safe lafiyarsu lau. Sai take tambaya, shin ciwo ne, ko kuwa bakin mutane ne?

To 'yar'uwa, ki kwantar da hankalinki. Bisa bayanin da kika yi, alamu sun fi nuna zafi ne. Bari mu bi abin daki-daki.

Da farko ki sani jikin kaza ya fi namu zafi. Namu yana wajen digiri 37 a ma'aunin zafi, nata kuwa wajen 41 ne. Ga gashi ya rufe ta ruf kamar mai bargo, sannan Allah bai halicce ta da yin gumi ba. Mu idan zafi ya dame mu sai zufa ta keto, iska ta busa, mu ji sanyi. Ita kuwa ba ta da wannan. Yanayin da ta fi jin daɗi shi ne daga digiri 18 zuwa 24, kamar dai hantsin hunturu. Da zarar an haura 30 ta fara wahala. To ina ga watan Afrilu da Mayu, da zafi yake kai 40 har ya wuce a garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri da Kano?

Tunda ba gumi, dabararta ita ce haki. Za ki ga ta buɗe baki tana numfashi da sauri, ta saki fukafukai nesa da jiki, ta tone ƙasa mai sanyi ta kwanta. Zankonta da leɓarta su ma suna taimaka mata wajen fitar da zafi. Idan kin ga haka, ki san tana neman agaji.

Yanzu me ya haɗa haki da ƙwai? Abubuwa uku ne.

Na ɗaya, cin abinci. Narkar da abinci shi kansa yana ƙara wa jiki zafi, don haka kaza takan rage ci. Ke ma shaida ce, ranar da ake tsananin zafi tuwon rana ba ya shiga. To ƙwai daga abinci ake yin sa. Idan ci ya ragu, ƙwai zai ragu, girmansa ma ya ragu.

Na biyu, ruwa. Idan kika raba abin da ke cikin ƙwai gida huɗu, kusan gida uku ruwa ne. Kaza mai ƙwai takan sha kamar kofi ɗaya a rana, wato kusan rubu'in lita, amma a lokacin zafi tana iya ninka wannan. Ruwan da ya kamata ya tafi ga ƙwai, haki ya ƙone shi. Idan ta wuni ɗaya ba ruwa, sai ta yi kwanaki ba ta dawo daidai ba.

Na uku, ɓawo. Ɓawon ƙwai da sinadarin kalsiyam ake gina shi, irin wanda ke cikin ƙashi, tare da wani ɓangare na iskar da jiki yake fitarwa wajen numfashi. Idan kaza ta wuni tana haki, wannan iska takan fita fiye da kima, sai jininta ya sauya, kayan ginin ɓawo su yi ƙaranci. Ƙwai ɗaya yakan ɗauki awa 24 zuwa 26 kafin ya kammala a cikinta, kuma wajen awa 20 daga ciki a kan ɓawo suke tafiya. Shi ya sa kike ganin ɓawo marar ƙwari, wani lokacin ma ƙwai ya fito da taushi kamar leda.

Ban da ƙwai, zafi yana raunana jikin kaza, ciwo kaɗan sai ya kayar da ita. Ƙuma da ƙwarƙwata su ma lokacin suke yawa, su hana ta barci, su sha mata jini. Kaji masu ƙiba da kajin gidan gona su suka fi saurin faɗuwa. Kajinmu na Hausa sun fi juriya, musamman irin marasa gashi a wuya, amma su ma ƙwansu yakan ragu.

To mene ne abin yi? Ba sai kin fita ko'ina ba, yawancin maganin yana cikin gidanki.

Mu fara da ruwa, don shi ne kan gaba. Kaza ba ta son ruwan da ya yi ɗumi, gara ta zauna da ƙishi. Ki ɗebo mata daga randa, ki zuba a kasko na ƙasa, ki ajiye a inuwa. Kwanon ƙarfe ko roba da aka bari a rana, kafin azahar ya zama ruwan wanka. Ki sauya da safe, ki sauya da azahar, ki sauya da la'asar. Ki yi mazubi biyu ko uku, don manya kan hana ƙanana sha. Idan akwai 'yan tsaki, ki jefa tsakuwa a cikin kaskon kada su faɗa su nutse.

Sai inuwa da iska. Akurkin da aka rufa da kwano, da rana tanda ne. Ki sa yara su shimfiɗa kara ko ciyawa ko tsohuwar zana a kan rufin, ki riƙa yayyafa masa ruwa da rana. Idan ginin ba taga, ki roƙi maigida a fasa ƙofofin iska ta ɓangare biyu a sa waya, don iska ta shiga ta fita. Idan kina da bishiyar darbejiya ko mangwaro a tsakar gida, ki bar su su wuni a ƙarƙashi, ki ɗan jiƙa ƙasar wurin. Amma kada ki jiƙa cikin akurki ya yi caɓi, domin danshi da kashin kaji idan suka haɗu wata cutar suke kawowa. Wannan ya fi muhimmanci a ƙarshen bazara, lokacin da hadari yake haɗuwa iska ta yi nauyi, don a lokacin haki ba ya sanyaya su sosai. Kuma kada ki cunkushe su. Idan sun yi wa ɗakin yawa, gara ki sayar da tsofaffin da suka daina ƙwai tun kafin zafi ya yi miki asararsu.

Sai lokacin ba da abinci. Ki ba su da sassafe bayan kin idar da sallar asuba, sannan ki sake ba su da yamma idan rana ta yi sanyi. Daga hantsi zuwa la'asar ki ɗauke abinci ki bar ruwa kawai. Tunda cin nasu ya ragu, ɗan abin da za su ci ya zama mai amfani, kada ya zama dusa zalla. Ki haɗa da tsakin dawa ko masara, da ɗan ƙuli-ƙuli, da ganyen zogale ko alayyahu. Idan kina jiƙa dusa, ki jiƙa daidai wadda za su cinye nan take, don a zafi ba ta jimawa take tsami.

Don ƙarfin ɓawo, kada ki ƙara zubar da ɓawon ƙwan da kuka ci. Ki shanya, ki ɗan gasa a kasko, ki daka ya yi laushi, ki zuba musu a wani mazubi daban, an fi so da yamma tunda da dare ake ginin ɓawo. Ki tabbata ya daku sosai, don idan suka gane ɓawo ne sai su koyi fasa nasu ƙwan. Za ki kuma iya aika yaro shagon maganin dabbobi ya sayo garin ƙashi da bitamin na lokacin zafi da ake zubawa a ruwa. A tambayi ma'auni, kada a yi kintace. Ƙuma kuwa, ki share akurki, ki zuba musu toka da yashi a inuwa su riƙa birgima.

Idan kin tarar da wata ta kwanta tana haki ba ta iya tashi, ki ɗauke ta zuwa inuwa, ki tsoma ƙafafunta da cikinta a ruwan randa, ban da kai, ki yi mata fifita. Idan ta farfaɗo sai ki ajiye mata ruwa a gabanta. Kada ki ɗura mata, tana iya shaƙewa.

Shi kansa ƙwan yana son kulawa. Ki riƙa kwashewa sau biyu ko uku a rana, ki ajiye a wuri mafi sanyi a ɗakinki, kamar gindin randa, kuma kada ya jima bai tafi wajen mai shayi ko kasuwa ba. Wanda za ki sa wa kaza ta kwanta a kai, kada ya wuce kwana 7 a ajiye, don zafi yana lalata shi tun kafin a fara lissafin kwana 21 na ƙyanƙyasa.

Sai dai ga gargaɗi. Ba kowace mutuwa ce ta zafi ba. Ta zafi takan zo da rana tsaka ko la'asar, sauran kajin kuma su warware da dare. Amma idan kin ga koren zawo, ko murɗewar wuya, ko kumburin kai, ko kaji suna zubewa da yawa safe da yamma, to wannan ciwo ne. Mun tuna yadda murar tsuntsaye ta ɓulla a Jihar Kaduna a shekarar 2006 da irin asarar da aka yi. Kada ki yanka ki dafa, kada yara su taɓa mushen, ki sa maigida ya sanar da malamin dabbobi da gaggawa. Allurar rigakafi kuma a yi ta da sanyin safiya, tun kaji suna da lafiya.

'Yar'uwa mai wasiƙa, ki gwada waɗannan na mako biyu, in Allah ya yarda za ki ga canji, ko da ƙwan bai koma kamar na hunturu ba sai damina ta sauka. Muna jiran ki sake rubuto mana yadda ta kaya. Allah ya sa albarka a kiwonmu, ya raba mu da asara. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu, a huta lafiya.