Koyon Tuƙi da Shirin Jarrabawar Lasin Mota

Ran 2 ga watan Afrilu, 1972, dukan direbobin Nijeriya suka bar bin hannun hagu suka koma hannun dama. Kafin ranar ta zo sai da aka yi ta wayar da kan jama'a a rediyo da jaridu da tashoshin mota, gama har tsohon direba ya koma ɗan koyo. Wannan ya nuna mana cewa tuƙi abu biyu ne: gwanintar hannu, da sanin dokar da kowa ke bi a kan hanya. Wanda ya sami ɗaya ya rasa ɗaya bai zama direba ba tukuna.

Mu ɗauki misalin Kona, a ƙaramar hukumar Jalingo. Tun da aka fitar da Jihar Taraba daga tsohuwar Jihar Gongola ran 27 ga Agusta, 1991, Jalingo ta zama babban birnin jiha, motoci suka yawaita, samarin Kona da kewaye suka shiga neman abinci da tuƙi. Wani yana so ya riƙa kai doya da masara kasuwar Jalingo, wani kuwa fasinja zai ɗauka zuwa Lau ko Zing ko Wukari. Da yawansu a tasha suke koyo. Yaro ya fara da wanke mota da ɗaure kaya, maigidansa ya riƙa ba shi sitiyari jefi-jefi, har hannunsa ya faɗa. Irin wannan koyo yana da amfaninsa, amma ba ya koya wa yaro ma'anar alamun hanya, kuma duk wani mugun halin tuƙi na maigida yaron ne zai gaje shi. Abin da ya shafi saurayin Kona shi ya shafi na Kano da Sakkwato da Maiduguri, gama lasin ɗaya ne a ƙasar duka.

Hukumomin da ke ba da lasin

Hukumomi uku ne ke haɗa hannu wajen ba da lasin. Ta farko ita ce Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, wadda Gwamnatin Tarayya ta kafa a 1988, Farfesa Wole Soyinka ya zama shugabanta na fari. Ita ke tantance makarantun koyon tuƙi, ita ke buga lasin, ita ke ajiye sunayen direbobin ƙasa. Ta biyu jami'an duba lafiyar motoci na jiha, waɗanda aka fi sani da VIO. Su ne masu jarraba ɗan koyo. Ta uku Hukumar Tara Kuɗin Shiga ta jiha, mai kula da biyan kuɗi da miƙa wa mutum lasinsa. Mutumin Kona ba ya bukatar doguwar tafiya, domin dukan ukun suna da ofis a Jalingo.

Matakan da za a bi

1. Lalle ne mai nema ya cika shekara 18, ya kuma mallaki lambar shaidar ɗan ƙasa, wato NIN.

2. Ya shiga makarantar koyon tuƙi wadda FRSC ta amince da ita. Kafin ka biya ko kwabo, ka tambaya a ofishin hukumar ko sunan makarantar yana cikin jerinsu. Takardar makarantar da ba a amince da ita ba, ba ta da wani amfani.

3. Ya karɓi takardar izinin koyo. Mai wannan takarda ba ya tuƙi shi kaɗai, sai da direba mai lasin zaune kusa da shi. Ba ya ɗaukar fasinja. Dole a maƙala jan harafin L a gaba da bayan motar, don sauran direbobi su san lana ne, su yi masa haƙuri.

4. Ya kammala darussa 26 da aka ƙayyade, makaranta ta ba shi takardar shaida.

5. Ya je gaban jami'in VIO a jarraba shi. In ya ci, a ba shi shaidar ƙwarewa.

6. Ya cika takardar nema ta intanet, ya biya kuɗin da gwamnati ta yanka, ya riƙe rasidinsa.

7. Ya je da kansa a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa. In katin bai fito nan take ba, akan ba shi takardar wucin gadi ya riƙe. Lasin yana aiki shekara 3 ko 5, gwargwadon wanda mutum ya biya.

A lura kuma lasin aji-aji ne. Ajin A na babur ne, B na ƙaramar motar gida, F na tarakta da injunan noma, G na tirela. Mai lasin B da ya hau motar haya ko babbar mota ya karya doka, tamkar wanda ba shi da lasin sam.

Abin da za a tambaye ka

Kafin a kai ga mota, za a gwada idonka, a kuma tambaye ka dokokin hanya. Saboda haka ka nemi littafin Dokokin Hanya na Nijeriya ka yi ta nazarinsa. In karatunka bai yi ƙarfi ba, ka sa ɗan'uwa ya riƙa karanta maka yana fassarawa. Ba abin kunya ba ne, rashin sani ya fi dare duhu.

Hanya mafi sauƙi ta riƙe alamun hanya ita ce ta siffarsu. Alama mai kusurwa uku da jan baki gargaɗi ce: akwai kwana, ko gada, ko makaranta, ko dabbobi a gaba. Zagayayyiya mai jan baki hani ce: kada ka shiga, kada ka wuce wata mota, kada ka zarce gudu kaza. Zagayayyiya shuɗiya umurni ce, abin da ta nuna shi za ka yi. Mai kusurwa huɗu bayani take yi, kamar sunan gari, ko asibiti, ko gidan mai. Ja mai kusurwa takwas kuwa ma'anarta ka tsaya cik, ko da ba ka ga kowa ba.

Ka haddace iyakar gudu. Ga ƙaramar motar gida, kilomita 50 ne a awa a cikin gari, 80 a kan babbar hanya, 100 a kan tagwayen hanyoyi na musamman. Kada ka haddace lambobin kawai, ka san dalilinsu. Motar da ke gudun 50 tana cin kusan mita 14 a kowace daƙiƙa, mai gudun 80 kuwa wajen mita 22. In yaro ya faɗo hanya, kafin ƙafarka ta bar totur ta taka birki, motar ta riga ta cinye wannan tazara. Bugu da ƙari, in ka ninka gudu sau biyu, tazarar da birki ke bukata kafin mota ta tsaya takan ninku sau huɗu. Wannan ne ya sa ake cewa ka bar ratar daƙiƙa biyu tsakaninka da motar gabanka, ka ƙara da damina in hanya ta jiƙe, ko da hunturu in hazo ya rufe gari.

Sauran abubuwan da ake yawan tambaya su ne waɗannan. A shataletale, motar da ta riga ta shiga, wadda ke zuwa ta hagunka, ita ke da hanya. Ana wuce mota ta hagu ne, kuma ba a wucewa a kwana, ko a hawa, ko a kan gada. Ɗaura bel wajibi ne, an fara tilasta shi tun 1 ga Janairu, 2003. An hana riƙe waya ana tuƙi, an hana tuƙi cikin maye. In haɗari ya auku, lambar gaggawa ta FRSC ita ce 122.

Ranar jarrabawar kan hanya

Ka kwana da wuri, ka isa da wuri, da takardunka duka a hannu. Kafin ka ta da mota, ka duba taya da fitilu da ruwa da baƙin mai, ka gyara kujera da madubai, ka ɗaura bel, ka tabbata giya tana firi. Jami'i yana kallonka tun daga nan.

Zai so ya ga ka tashi ba tare da motar ta yi tsalle ko ta mutu ba, ka canza giya a kan kari, ka yi ribas a miƙe, ka juya a ƙuntataccen wuri, ka ajiye mota daidai a gefen hanya. Zai iya tsayar da kai a hawa ya ce ka tashi. Nan ne haɗa kuloci da totur da birkin hannu ke nuna wanda ya koya sosai, don haka ka yawaita gwada shi kafin ranar. Duk lokacin da za ka tashi, ko ka karya kwana, ko ka tsaya, ka bi wannan tsari: madubi tukuna, sannan sigina, sannan ka aikata.

Yawancin masu faɗuwa ba rashin iya tuƙi ke kayar da su ba. Manta sigina ne, da rashin duba madubi, da gudu don a burge jami'i, da danna ham a kan masu tafiya a ƙasa maimakon rage gudu. Jami'i ba gwaninta yake nema ba, natsuwa yake nema. In ka faɗi, ka tambayi inda ka kuskure, ka koma ka gyara, ka sake dawowa. Sauri ya haifi nawa.

Gargaɗi a kan 'yan kamasho

A bakin ofisoshin lasin akan sami masu cewa kawo kuɗi da hoto, ka zauna gida a kawo maka lasin. Jama'a, a yi hattara. Lasin da aka yi ba tare da an ɗauki zanen yatsunka ba na jabu ne. Ran da jami'i ya duba lambarsa a kwamfuta ba zai ga sunanka ba, ga asarar kuɗi, ga tuhumar riƙe takardar jabu. In kuwa ka yi haɗari da shi, ba ka da abin kare kanka a gaban alƙali. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Hasarar da ta fi wannan ita ce ta rai. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna mutum wajen miliyan 1.19 ne ke mutuwa kowace shekara a haɗarin hanya a duniya, kuma shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29. Uban da ya saya wa ɗansa lasin don gudun wahalar 'yan makonni, ya sani bai taimake shi ba. Ya ɗora shi ne a kan hanyar da ɗalibai da 'yan kasuwa da makiyaya ke bi, alhali ba wanda ya tabbatar ya iya.

Saboda haka muna kira ga iyaye, da masu unguwanni, da shugabannin direbobi a tashoshi, su tabbata duk yaron da ke hannunsu ya bi ta makaranta, ya tsaya gaban jami'i, ya ci jarrabawa da guminsa. Kai kuma ɗan koyo, ran da lasin ya shiga aljihunka, ka tuna amanar rayuka aka ba ka, naka da na mutanen da ba ka taɓa sani ba. Allah ya kiyaye hanya, amin.