Bindigar marigayi: Me ya sa magada, ƙungiya ko kamfani ba sa gadon lasisi a Najeriya

Mu ɗauka wani dattijo a Rafin Guza, cikin Ƙaramar Hukumar Kaduna ta Arewa, ya rasu ya bar gida da gona da bindigar farauta mai baki biyu, wadda ya shekara da shekaru yana riƙe da lasisinta. 'Ya'yansa ba mafarauta ba ne. Sai wani ya kawo shawarar a miƙa ta ga ƙungiyar 'yan sintirin unguwa, tunda tana da rajista, tana da amintattu, kuma kowa ya san yadda tsaro ya taɓarɓare a gefen gari. Shawarar tana da daɗin ji, amma a idon doka tana iya kai wanda ya bayar da wanda ya karɓa gidan yari.

Dokar da ke magana a nan ita ce Dokar Makamai ta 1959, wadda aka yi tun kafin samun 'yancin kai, kuma har yau da ita ake aiki. Ta kasa bindigogi gida uku. Akwai waɗanda aka haramta, irin su bindigogin yaƙi da ƙananan bindigogin hannu, waɗanda Shugaban Ƙasa kaɗai ke iya ba da lasisinsu. Akwai na amfanin kai, kamar bindigar farauta, waɗanda lasisinsu ke hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Sai na gargajiya da ake ɗura wa albarushi ta baki, irin adaka, waɗanda sha'aninsu ke hannun kwamishinan 'yan sanda na jiha. Ba kowace bindigar farauta ce ke rukuni na biyu ba: wadda ke ɗura harsashi da kanta, ko wadda ake zuge hannunta gaba da baya ta ɗura, dokar ta cire su daga ciki. Mutane da yawa sun fara sanin haka ne a 2018, lokacin da Sufeto Janar Ibrahim Idris ya ba da umarnin a tattara irinsu daga hannun jama'a.

Wanda ya karanta sharuɗɗan lasisin zai lura cewa mutum suke aunawa. Ba a bai wa wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai taɓin hankali, ko mai raunin gani, ko wanda ba ya iya kame kansa, ko wanda kotu ta samu da laifin tashin hankali cikin shekara biyar da suka gabata. Ko mutum ya tsallake duka, dokar ta ce lasisin ba haƙƙinsa ba ne. Hukuma na iya hana shi ba tare da ta faɗi dalili ba. Ƙungiya kuwa ba ta da idon da za a gwada. Takardar da Hukumar Rajistar Kamfanoni, wato CAC, ke bai wa amintattu a ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020 tana ba su damar mallakar fili da buɗe asusun banki da shigar da ƙara da sunan ƙungiya. Ba ta maye gurbin lasisin bindiga.

Game da mutuwa, dokar ta yi magana kai tsaye. Wanda kayan marigayi ke hannunsa bisa ƙa'ida, ko wanda aka yi wa wasiyyar bindigar, yana iya riƙe ta na kwana 14 bayan rasuwar, kuma ko a cikin wannan wa'adi Sufeto Janar na da ikon karɓe ta a ajiye a rumbun makamai na gwamnati har sai an ba wani sabon lasisi. A nan ne dokar ke karo da yadda muke rayuwa. A gidaje da yawa kwana 14 ba a ma gama karɓar gaisuwa ba. Rabon gado sau da yawa sai bayan arba'in, wani lokaci sai matan marigayi sun fita takaba, idan kuma magana ta je kotun shari'a sai abin ya ɗauki watanni. Duk tsawon wannan lokaci bindigar na jingine a bayan ƙofa ko ƙarƙashin gado, babu mai lasisinta a raye. Alƙali na iya ƙiyasta kuɗinta ya sa ta a kason wani magaji, amma ba shi da hurumin ba shi izinin riƙe ta. Bayar da ita kyauta ma bai warware komai ba, domin dokar ta hana sayarwa ko miƙa bindiga ga wanda bai nuna lasisin da ya ba shi damar mallakarta ba.

To ina maganar takardun zama ɗan ƙasa ta shigo? Abin mamaki, jerin waɗanda Dokar Makamai ta hana lasisi bai ambaci ƙasar mutum ba. Inda sharaɗin ya fito ƙarara shi ne Dokar Kamfanonin Gadi Masu Zaman Kansu ta 1986. Kamfanin da ke neman lasisin gadi dole ya kasance mallakin 'yan Najeriya gaba ɗaya, kuma ba za a ba shi ba muddin ɗaya daga cikin daraktocinsa ba ɗan ƙasa ba ne. Ministan Harkokin Cikin Gida ke ba da lasisin, Hukumar Sibil Difens ke sa ido. Sai dai wannan dokar dai ita ce ta hana ma'aikatan kamfanin ɗaukar bindiga ko harsashi a bakin aiki. Ke nan 'yan unguwa na iya tattara duk takardun da ke tabbatar da cewa su 'yan ƙasa ne, su kafa kamfani, su sami lasisi, amma masu gadinsu su ƙare da sanda da tocila da usur. Wannan ne dalilin da ya sa za ka ga banki na da masu gadi na kamfani a ƙofa, mai bindigar kuma ɗan sanda ne.

Masu bibiyar muhawarar bindiga a intanet kan kawo misalin Amurka, inda mutane ke kafa asusun amana ko kamfani su yi rajistar makaman da dokar 1934 ta tsaurara, kamar bindiga mai sarrafa kanta da na'urar rage ƙara, domin iyali su yi amfani da su tare kuma su gaje su cikin sauƙi. Haka ne, amma ko a can an toshe ƙofar da ake bi ta baya: tun watan Yulin 2016 duk mai faɗa a ji a irin wannan asusu sai ya ba da hotonsa da zanen yatsunsa an bincike shi. Kuma tsarin nasu ya ginu ne a kan kundin tsarin mulkin da ya amince da riƙe makami a matsayin haƙƙi. Namu na 1999 ya sa makamai da harsasai a jerin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke yi wa doka.

Gwamnoni ma sun buga kansu da wannan katanga. A watan Yunin 2022 Bello Matawalle ya umarci mutanen Zamfara su nemi lasisin bindiga don kare kansu daga 'yan bindiga. Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya fito ya ce gwamna ba shi da wannan ikon. A shekarar Samuel Ortom na Binuwai ya nemi izinin saya wa dakarun sa-kai na jiharsa AK-47, bai samu ba. A watan Agustan 2023 kuma Kayode Egbetokun, yana muƙaddashin Sufeto Janar, ya sanar da dakatar da ba da sabon lasisin ƙananan makamai. Idan gwamna mai majalisa da kasafin kuɗi bai iya ba, ƙungiyar unguwa mai takardar CAC ba za ta iya ba.

A ganina laifin ba na magada ba ne kaɗai. Dokar da ta ba da kwana 14 tana mayar da masu makoki masu laifi ba da saninsu ba, kuma hukuncin ba wasa ba ne: riƙe bindigar amfanin kai ba lasisi na iya jawo ɗaurin da ya kai shekara biyar, haramtacciya kuwa aƙalla goma. A 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar da ta ba cibiyar daƙile yaɗuwar ƙananan makamai da ke ƙarƙashin ofishin Mai Ba da Shawara kan Tsaron Ƙasa cikakken matsayi, amma iyalin da suka yi rashi a Rafin Guza ba Abuja za su je ba. Abin da ya fi musu aminci shi ne, kafin wa'adin ya cika, su ɗauki lasisin marigayi da takardar shaidar rasuwarsa su sanar da ofishin 'yan sanda mafi kusa a rubuce, su miƙa bindigar a ajiye, su kuma dage sai an ba su takardar karɓa mai ɗauke da lambar da ke jikinta da sunan jami'in da ya karɓa.