Labarin Namun Daji a Darasin Karatu: Matsalar Kalmomi a Firamarorin Daurawa da Kewaye

Malaman kwalejojin horon malamai sukan gargaɗi ɗalibansu su fara darasi daga abin da yaro ya sani, sa'an nan su kai shi ga abin da bai sani ba. Maganar daidai take, sai dai a darasin karatu akwai wani abu na uku da ba a cika kula da shi ba, watau kalmar da yaro yake tsammani ya sani, alhali sunan kaɗai ya riƙe. Labaran kiyaye namun daji cike suke da irin waɗannan kalmomi, don haka suka dace da koyar da fahimta a aji uku zuwa biyar, in malami ya san inda tarkon yake.

Yaron Daurawa ko Gyaɗi-Gyaɗi ko Tarauni ya san kura da giwa da dila tun yana goye, gama kakarsa ta gaya masa tatsuniyarsu. Amma ɗan birni ne, bai taɓa jin kukan kura da dare ba. In ya gamu da "kura" a takarda, abin da zai fara zuwa masa a rai shi ne kurar mai ga-ruwa. In ya ga "gada", sai ya tuna gadar Dangi da yake wucewa kullum. "Kada" kuwa, ya fi saninta a bakin uwarsa lokacin da take hana shi ɓarna. A baki yawancin kalmomin nan ba sa rikicewa, saboda karin sauti da tsawon wasali sun raba su. To, rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna ko ɗaya daga cikin biyun nan. Ƙamusun Bargery na 1934 da na Abraham na 1949 sun nuna su, amma littafin ɗan firamare bai nuna ba. Sai dai yaro ya duba sauran jimlar ya gane, kuma wannan dubawa ita ce ainihin fahimtar karatu.

Misali mafi amfani da na sani shi ne wannan: "In ba a kare giwa ba, za ta ƙare." Ƙugiya ɗaya tak ta raba tsira da halaka, ga kuma "kare" na uku yana haushi a ƙofar gida. Malamin da ya rubuta jimlar nan a allo, ya bar yara suka yi gardama a kanta, ya koya musu darajar ƙugiya fiye da mako guda na haddar baƙaƙe.

Akwai wata kalma kuma wadda matsalarta ta fi zurfi, ita ce "nama". Ga Bahaushe "naman daji" dabba ce mai rai tana kiwo a dawa, kuma shi ne abin da maharbi ya ƙyafe ya kawo kasuwa. Harshen da kansa yana kallon barewa da idon mafarauci. Waɗansu marubuta sukan guje wa wannan su ce "dabbobin daji". Ni a ganina gudun ba shi da amfani. Gara a kawo kalmar gaban yara a tambaye su: wane nama ake nufi a nan, mai numfashi ko na tukunya? Daga nan maganar kiyayewa za ta taso da kanta, ba sai malami ya yi wa'azi ba.

Sa'an nan ga sunayen da suke neman ɓacewa tare da masu su. Maharbin da ya bambanta barewa da gada da mariya da mazo da kanki da gwanki. Ɗan birni duka "barewa" yake ce musu. Haka jam'i da jinsi: bareyi, gwankaye, toron giwa, zakanya. Ba lalle a ɗora wa yaro su duka ba. Biyu ko uku a darasi sun isa, in akwai hoto. Unguwannin nan kuwa sun yi sa'a, gama gidan namun daji da aka kafa a zamanin Gwamna Audu Bako, a farkon shekarun 1970, yana nan kusa da su, ana iya kai aji a ƙafa daga Gyaɗi-Gyaɗi.

Abin da za a karanta fa? Lalle ya zama labari na gaskiya, mai wuri da shekara. Akwai na Yankari, wadda aka keɓe a 1956 aka buɗe wa jama'a a 1962, inda giwaye suka sami mafaka. Akwai na dajin Falgore a kudancin Kano. Akwai na raƙuman dawa na Kure a Jamhuriyar Nijar, waɗanda ba su wuce 50 ba a 1996, amma da aka hana harbinsu suka haura 600. Duk da haka na fi son a fara da ungulu, domin iyayen yaran sun san ta a mahauta da kan juji, su kuwa yaran da wuya su gan ta. A 2015 ƙungiyar IUCN ta sa irin ungulun nan ta gari cikin tsuntsayen da suke dab da ƙarewa. Guba da farautarta don magani suna cikin dalilan. Malami yana iya tsara gajeren nassi kamar haka:

"A da ungulu tana da yawa a Kano. In jaki ya mutu a bayan gari, kafin ya yi ɗoyi ta cinye mushen. Yanzu mushe yakan kwana uku a kwata, ƙudaje da karnuka suna binsa."

Tambayar da aka saba yi ita ce, "Me ungulu take ci?" Wannan ba ta auna kome ba sai ido, gama yaro zai nemo "cinye" ya kwafe abin da ya biyo baya. Tambayar da ta dace ita ce, "Don me mushe yake kwana uku yanzu?" Amsarta ba ta cikin kowace jimla, sai yaro ya haɗa ta farko da ta uku ya ciro abin da marubuci bai faɗa ba. Daga baya a tura shi gida ya tambayi kakansa ma'anar "ungulu ba ta jewar banza", ya dawo da bayanin "jewa" a rubuce.

Kalmomi irin su "muhalli" da "alkintawa", waɗanda takardun hukuma da gidajen rediyo suke so, a jinkirta su zuwa aji biyar ko shida. Yaron da ya gane dalilin da ya sa mushe ya yi ɗoyi a kwatar unguwarsu zai karɓi "muhalli" cikin sauƙi in an zo wajen, amma in aka fara da ita, haddace ta kurum zai yi don jarrabawa.